Ma'aunin ƙofa da hannun Baba: littafin gwajin zafin tanderunmu

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Yau ma gasawar farko ta ƙone ta ƙasa. Gwangwani 42 muka ware gefe, samansu ja gwanin sha'awa, gindinsu baƙi ƙirin. Gasawa ta uku kuma ta fito fari fat, sai da muka mayar da ita ciki ta ƙara minti 12. Duk wannan abu ana yinsa ne hannun ma'aunin da ke jikin ƙofar tanderu yana tsakanin digiri 200 da 185. A yadda fulawa take yanzu, gidan burodi irin namu ba zai iya ɗaukar wannan asara sau biyu a mako ba.

Baba, wanda ke riƙe da tanderun nan tun zamanin mahaifina, ko kallon ma'aunin ba ya yi. Ya ɗebi fulawa da yatsu uku, ya watsa a ƙasan tanderu, ya tsaya yana kallo, sannan ya zura hannu ya fitar. Sai ya ce a zuba, ko ya ce a dakata. Tun da aka yi masa aikin ido ya daina zuwa da asuba, sai hantsi, kuma sanyin Jos a wannan wata ba na dattijo ba ne. Yaran da ke kwana a nan ma'auni kawai suka sani, shi suke bi, ga kuma abin da ke fitowa.

Na yi niyyar abu biyu. In gano ko ma'aunin nan daidai yake, in kuma gano lambar da hannun Baba yake ji in rubuta ta.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na tara kayan aiki.

Na farko shi ne na ƙofar, mai fuska kamar agogo da doguwar jela ta ƙarfe da ke leƙawa ciki. A cikin jelar akwai naɗaɗɗen ƙarfe iri biyu da aka manne su baya da baya. Zafi ya fi buɗa ɗaya a kan ɗaya, sai naɗin ya murɗe ya juya hannun. Ba batir, ba lantarki, shi ya sa ya daɗe. Shekarun da ya yi yana shan wuta da hayaƙi kuma su ne abin da ya sa nake zarginsa.

Na biyu na tsince shi ne cikin kayan gwanjo a Katako, ɗan faifai mai maganaɗisu a baya. Na murhun ɗumama ɗaki ne na ƙasashen sanyi, irin wanda ake mannawa a bututun hayaƙi a Kanada da arewacin Amurka.

Na uku bindigar auna zafi. Ƙanena ya fara kawo min irin ta goshi da ta rage tun lokacin korona, amma ita iyakarta zafin jikin mutum, tana haura digiri 42 ko 43 sai ta daina ba da lamba. Sai na sayo ta masu aikin injuna, mai kaiwa 550.

Na huɗu aro ne, mitar mai gyaran rediyo da ke da wurin soka wayar auna zafi, irin mai harafin K. Wayar da ta zo da ita siririya ce, rigarta ba za ta jure tanderu ba, sai na sayo mai kan ƙarfe kamar ƙusa da tsawon mita biyu.

Ma'auni huɗu ke nan, kuma ba wanda na san gaskiyarsa. Idan na gwada wannan da wancan suka saɓa, wa zan gaskata? Dole in nemo abin da zafinsa ba ya canzawa in fara da shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Na daka ƙanƙara a turmi, na cika filas da ita, na zuba ruwa kaɗan har ya kusa shafe ta, na juya, na bari minti 5. Irin wannan haɗi yana zama a digiri 0 ko a ina ne. Mitar ta nuna 1. Na ji daɗi.

Daga nan na ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓula, na tsoma kan wayar ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. Ta hau 90, 95, 97, ta tsaya. Na ƙara wuta, 97. Na canza batir, 97. Raina ya ɓaci, don na ɗauka abin da na fi dogara da shi ne ya fara da gibin digiri 3.

Da yamma na je gida na gaya wa ƙanwata, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare. Ko tashi daga kan tabarma ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ai a Jos kake. Ruwa ba ya kai 100 a garin nan." Ta bayyana min cewa 100 ɗin nan ta bakin teku ce, ta su Legas. Duk hawan mita 300 ko kusa da haka, nauyin iskar da ke danne ruwa yana raguwa, tafasa ta sauko da digiri ɗaya. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, don haka ruwanmu a wajen 96 yake tafasa. Na Kano, da ke ƙasa da mita 500, a 98 da ɗoriya. Ta ce shi ya sa wake ya fi cin itace a nan.

Ashe mitar digiri ɗaya ta ƙara a ƙanƙara, ɗaya kuma a tafasa. Irin wannan waya ma, abin da masu ƙera ta suka yarje mata shi ne kuskuren digiri 2 da ɗan wani abu. Da ban yi maganar da ita ba, da na mayar wa mai rediyo mitarsa na ce ta lalace, na kuma riƙa lissafin duk sauran a kan 100.

Da dare na kwance na ƙofar na tsoma jelarsa rabi a tafasasshen ruwa. Ya tsaya a 85. Gibin 11. Na ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa, hannun ya yi tsalle zuwa 89 ya zauna. Wato har maƙalewa yake yi.

Laraba, 11 ga Disamba

Ruwa ya tsaya a 96, mu kuma aikinmu a sama da 200 yake. Ma'auni yana iya yin daidai a ƙasa ya karkace a sama.

Na gwada sukari, don an san yana narkewa a wajen 186. Na ɗora cokali ɗaya a kan ƙaramin faranti, na sa a tanderu da la'asar lokacin da yake hucewa, wayar mita a gefensa. A 190 ya narke cikin minti 15. A 175 bai narke a minti 15 ba, amma da na manta shi kusan awa guda na tarar ya yi ja ya kwanta. Ƙanwata ta ce sukari ba shi da tsayayyar lamba, lalacewa yake yi a hankali idan ya daɗe a zafi, ba narkewa irin ta ƙanƙara ba. Ya isa ya nuna wa mai gasa kek a gida ko tandarta ta yi nisa da gaskiya, amma bai isa abin da nake nema ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Wannan gwaji na fi jin daɗinsa, zan rubuta shi filla-filla.

Kuza zalla tana narkewa a 232, kuma tana daskarewa a daidai wannan lamba, ba ta saɓawa. Ma'aunin zafi na duniya da aka fara aiki da shi a 1990 ya sa daskarewar kuza cikin turakun da ake daidaita manyan na'urori da su. Ga shi lambar ta faɗo daidai inda burodi yake gasuwa. Na ce to, a garin da aka fi shekara 100 ana haƙar kuza, wannan ba zai yi wuya ba. Amma abin da ke hannun mutane a nan baƙin yashin kuza ne da ba a narka ba, shi kuma ba ya narkewa a irin wannan wuta. Ƙarfen ne nake buƙata.

Wani mai gyaran waya a titin Ahmadu Bello ya miƙo min wayar liƙin da suke narkawa da kan ƙarfe mai zafi. Na karanta jikin naɗin, kuza 60, dalma 40. Na mayar masa. Dalma ba za ta kusanci inda ake abincin mutane ba. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita ba. A shago na huɗu na samu marar dalma: kuza 99.3, jan ƙarfe 0.7. Ita wannan a 227 take narkewa. Na sayi giram 200.

Mai walda ya yanko min guntun bututun ƙarfe mai faɗin inci ɗaya, ya toshe gindinsa. A bayan gida na yi, nesa da gidan burodi, don akwai ƙaro a cikin wayar da ke hayaƙi mai yaji. Na narka ta a kan gawayi, na kwashe dattin sama da tsinke, na kafa bututun cikin kwanon yashi don ya huce a hankali, na tsoma kan wayar mita ya nutse kamar tsawon gaɓa biyu na yatsa. Ɗana ya riƙe agogo yana cewa "yanzu" duk bayan daƙiƙa 15, ni ina rubutawa.

260, 251, 243, 236, 230, 225. Na zata nan za ta tsaya. Ta wuce. 221, 218. Na ɗago na kalli yaron na ce an cuce mu, akwai dalma a ciki. Ban rufe baki ba lamba ta juya da kanta ta hau, 223, 226. Ba wuta a ƙarƙashi, iskar hunturu na kaɗawa, amma ƙarfen yana ƙara zafi. Ta tsaya a 226. Yaron ya ce "yanzu" sau 13 ba ta motsa ba, fuskar kuzar tana dushewa daga ƙyalli kamar madubi zuwa toka-toka, daga gefe zuwa tsakiya. Sai da ta daskare gaba ɗaya lamba ta ci gaba da sauka.

Halin kuza ne ta zarce ƙasa kafin ta fara daskarewa, idan ta fara kuma sai ta saki zafin da ta sha lokacin narkewa, shi ne ya riƙe lambar wuri ɗaya. Na maimaita sau biyu, 226 da 225. Gwajin ya tabbatar min da abu biyu a lokaci guda. Mitar tana daidai har sama da 200, kuma rubutun jikin naɗin gaskiya ne, don da irin mai dalma ce da a wajen 183 zuwa 190 za ta tsaya.

Yanzu ina da alƙali.

Talata, 17 ga Disamba

Man gyaɗa a tukunya, mita da na ƙofa a ciki tare. Mita 120, shi 106. Mita 150, shi 132. Mita 180, shi 158. Ban wuce nan ba saboda mai.

Gibin ƙaruwa yake yi, daga 11 zuwa 22. Akwai ɗan noti a bayansa da ake juyawa a matsar da hannun, amma notin lamba ɗaya yake ƙarawa ko'ina. In na daidaita shi a 96 zai yi ƙarya a 200. Na daidaita shi a 180, kusa da inda muke aiki, na rubuta a bango da alli cewa a ƙwanƙwasa gilashi kafin a karanta.

Juma'a, 20 ga Disamba

Na roƙi Baba ya zo da asuba yau kawai, na aika a ɗauko shi da mota. Ya zauna bakin tanderu lulluɓe da bargo.

Itace ya ci ya zama garwashi. Baba ya leƙa ya ce rufin ya yi fari, a kwashe. Baƙin hayaƙin da ke manne wa bulo yana ƙonewa ne idan bulon ya kai wajen 370, na harba bindiga sama ta nuna 385. Aka kwashe garwashi, aka goge ƙasa da jiƙaƙƙen buhu, aka rufe ƙofa. Na riga na shigar da wayar mita ta ƙasan ƙofa, kanta a rataye a tsakiya, daidai tsayin saman gwangwani. Ita mitar na ajiye ta nesa a kan benci, don zafin kan waya take gwadawa da zafin jikinta, in ta ɗumama a bakin wuta lissafinta yana rikicewa.

Bayan minti 5 na ƙofa ya nuna 205, gyararre ke nan. A nan ne yara suke zubawa. Iskar tsakiya 246. Na buɗe na harba ƙasa: kusa da ƙofa 240, tsakiya 281, can ƙurya 300.

Na ce, "Baba, ku gwada mu gani." Ya watsa fulawa. Kafin in ƙirga huɗu ta yi baƙi tana hayaƙi. Ya ce, "Kai yaro, wannan ai wutar suya ce. Rufe."

Muka jira. Bayan minti 25 ya sake watsawa, ta ɗauki ƙirga 14 kafin ta koma ruwan ƙasa. Ya zura hannu har gwiwar hannu, leɓensa na motsi, ya fitar ya ce a zuba. Tsakiyar ƙasa 236, ƙurya 244, bakin ƙofa 224, iska 221. Na ƙofa kuwa 196.

A nan na gane babban abin. Cikin minti 25 ƙasan tanderu ya sauka da digiri 45, na ƙofa ya sauka da 9 kacal. Jelarsa tana liƙe da ƙofar ƙarfe da iskar waje ke bugawa, a wuri mafi sanyi a duk tanderun. Ko sabo fil na sa a wannan rami ba zai gaya wa yara abin da ke ƙona gindin burodi ba. Bulon ƙasa ne ke ƙonawa, shi kuwa fulawar Baba take aunawa. Jiran nan ma ba don a rage zafi kawai ba ne. Tazarar ƙurya da bakin ƙofa ta sauko daga 60 zuwa 20, zafin ya shiga cikin bulo ya daidaita.

Gasawar ta fito ba ko ɗaya da aka ware.

Asabar, 28 ga Disamba

Makon Kirsimeti ba a samu sararin gwaji ba, dare da rana ake gasawa. Abu ɗaya ya faru. Ranar Talata wani yaro ya danna maɓallin gefen bindiga bai sani ba, ta koma lissafin Amurkawa mai harafin F. Ya ga 400 a ƙasa, ya tsorata, ya yi ta jira. Ita kuwa 400 ta can 204 ce a namu. Kafin a farga tanderu ya huce, kwaɓi ya tashi ya wuce ya faɗa. Ban yi masa faɗa ba, ni ne ban nuna musu ba. Na manne maɓallin da salatif.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na zauna da bindigar sosai. A kan bulo da baƙin ƙarfe tana tafiya da mita, tazara ba ta wuce digiri 5. A kan sabon gwangwani mai ƙyalli da ya fito daga tanderu ta nuna 70, alhali ba ya taɓuwa. Na harbi tsohon gwangwani baƙi da ke kusa da shi, 168. Hasken zafin da abu ke fitarwa take karantawa, ƙarfe mai ƙyalli kuma kaɗan yake fitarwa. Sannan jan ɗigon nan nuni ne kawai. An rubuta 12:1 a jikinta, wato daga nisan mita 3 faɗin da take karantawa ya kai santimita 25. Iska kuma ba ta auna ta sam. Na ce da yara bulon ƙasa kawai za su harba, wuri uku, kullum daga tsayuwa ɗaya.

Mai maganaɗisun na ɗora shi kan farantin ƙarfe a wuta. Yana bin bindiga da gibin 10 zuwa 15, kuma yana jan ƙafa, sai ya yi minti 10 kafin ya kamo. Don aikin da aka yi shi wannan ya wadatar. Fuskarsa kashi uku ce: sanyi ya yi yawa, daidai, zafi ya yi yawa. A can inda ake kwana da murhu a ɗaki, idan bututu ya sauka ƙasa da wajen 120 hayaƙi yana daskarewa a cikinsa ya zama baƙin ɗanko kamar kwalta, wata rana ɗankon ya kama da wuta. Abin da yake tsaro ke nan. Wannan ya sa na manna shi a bututun hayaƙinmu lokacin hura wuta, ya kwashe kusan awa guda a kashin farko. Na sa aka hau aka leƙa. Ɗankon ya kai kaurin ɗan yatsa. Baba ya ce rabon da a kankare shi tun mahaifina na da rai. An kankare jiya, bokiti biyu da rabi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kwana shida ina tsayawa bayan Baba da bindiga a gasawar hantsi, ba na gaya masa lamba sai ya yanke hukunci. Duk lokacin da ya ce a zuba, tsakiyar ƙasa tana tsakanin 228 da 240. Sau shida, tazarar digiri 12. Tsohon ma'aunin ƙofa kafin gyara bai kai shi daidaito ba.

Na rubuta wa yaran asuba: bayan an kwashe garwashi a rufe, kada a zuba sai tsakiya ta sauko 240, ƙurya kuma ba ta fi bakin ƙofa da 25 ba. Na kuma ce kowa ya watsa fulawa ya ƙirga kafin ya harba bindiga, ya faɗi lambar da yake zato. Batir yana mutuwa, bindiga tana faɗuwa, kuma ba na so wannan sani ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Kwana biyar ke nan ba a ware ko gwangwani ɗaya a gasawar farko ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Saura gasawa ta uku, har yanzu tana fitowa fari wasu ranaku. Na duba littafin, ranakun da abin ya faru su ne waɗanda aka hura da sabon itacen da aka sauke ranar 30 ga Disamba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutarsa tana ƙarewa wajen busar da kanta. Zatona shi ne fuskar bulo tana kai 370 ta yi fari, amma zafin bai ratsa ciki ba, shi ya sa yake ƙarewa da wuri. Bindiga fuska kawai take gani, ba za ta warware min wannan ba.

Na yi magana da magini. Ranar Alhamis bayan an tashi zai huda rami siriri daga waje ta bangon gefe, ya tsaya saura santimita 5 ya ɓulla ciki, mu dasa waya ta biyu a cikin bulon. Baba bai so a taɓa bangon ba, sai da na nuna masa kaurin kan wayar bai kai fensir ba sannan ya yarda, da sharaɗin yana tsaye za a yi. Kafin nan sabuwar wayar za ta bi ta ƙanƙara, ta bi ta tafasasshen ruwa, ta shiga bututun kuza. Na ware itacen tsohon tari da na sabo, kowanne zai samu kwana uku.